Abin da Na Shafa wa Tsiren Ummanki

Dukawuya, cikin birnin Kano,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yar da Allah ya bar masa ita kaɗai. Ina gaida mijinki Nasiru, ina gaida jikata Ummi. Allah ya tsare muku hanyar Abuja tun daga bakin ganuwa har ƙofar gidan da za ku sauka, ya raba ku da direba mai gaggawa, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki.

Ki yi haƙuri da rubutun nan. Da hannuna nake yi, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, kuma hannun da ya shekara arba'in yana riƙe wuƙa bai iya riƙe biro ba. Ban kai wa kowa ya rubuta mini ba, domin abin da ke ciki ko Gwaggonki Talatu ba ta sani ba. Zan ba Nasiru in ce kada ya miƙa miki sai motarku ta wuce Zariya. Tsoro ne ya sa, ba wata dabara ba. Ni da nake kayar da bijimi a kwata, na kasa kallon idonki in faɗi magana ɗaya.

Duk unguwa murna ake yi soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, kowa yana cewa ƙasa za ta gyaru. Wannan canjin ne ya samar wa Nasiru aiki, na kuma taya shi murna har zuciyata. Amma ni tun ranar Litinin ko ruwa ba ya yi mini daɗi. Ranar ce kuka zo yi mini sallama, Nasiru ya ja ni soro ya ce an auna ki a asibiti saboda ciwon kan nan da ya ƙi barinki, an ce jininki ya hau, irin na Ummanki. Ya ce kin ƙi karɓar magani, kin ƙi sauraron zancen abinci. Da na shigo na yi miki magana, kina saɓa Ummi a baya, ko juyowa ba ki yi ba kika ce:

"Baba, don Allah a bar maganar nan. Wa ya kai Umma bin dokar likita? Shekara biyu ba gishiri, ba kitse, ba jan nama, ga magani safe da yamma. Ni da hannuna nake jiƙa mata kaza duk Juma'a. Me ya hana? In abin zai zo, zai zo. Gara in ci abin da raina yake so."

Na juya na koma soro, kika ɗauka na yarda da ke ne. To ki saurara, Uwani. Ummanki ba ta bi dokar likita ba. Ni na hana ta bi. Dokar ba ta gaza ba, domin ba a taɓa gwada ta a gidan nan ba. Zan faɗa miki yadda aka yi tun daga farko, kada in rage komai.

Kin tashi kin ga a gidan mai tsire ba a karin kumallo da ƙosai. Abin da ya kwana daga tukuba shi nake ɗumamawa da safe, a sha koko da shi. Kina ganin ragowar kasuwa ce kawai. A'a. Tun kafin in kafa tsinke a bakin wuta da la'asar nake ware masu tozo, waɗanda kitsensu ya fi namansu yawa, in ajiye gefe, ko mai saye ya nuna su in ce an saya. Na Ummanki ne. Tun tana amarya nake yin haka. Siririya aka kawo mini ita daga Madabo, mu kuwa mahauta muna da wata wauta tamu: matar mahauci in ba ta yi jiki ba, mijinta ya shiga uku a kwata. Sai a ce wane yana ciyar da gari nama, matarsa kamar tsinken tsire. Na rantse ba za a faɗa mini haka ba. Shekara ashirin da biyar ina ɗura mata kitse da gishiri, tana cika, ina jin daɗi, in 'yan uwanta suka zo suka ce Asabe kin samu gida, sai in ji kaina ya yi girma. Wallahi so ne, Uwani, ban san wata hanyar nuna shi ba.

Wannan ne kuskurena na farko, ga kuma shawarata a kansa. Nasiru yaron kirki ne, kuma zai riƙa shigo miki da ƙunshin tsire in ya taso daga ofis, domin haka mazan ƙasar nan suke cewa na tuna da ke. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki zuba masa ya ci, ki miƙa wa maƙwabta sauran. Ni na san abin da muke zubawa a yajin kasuwa. Gishiri ne da dunƙule da mai, muna labtawa don harshen mai saye ya dawo da shi gobe. Ba don jikin mai hawan jini muke yi ba.

Kuskurena na biyu a ƙofar asibiti na yi shi. Ranar da aka fara auna Ummanki, ke kika shiga da ita wurin likita, lokacin ba ki fi wata uku da tarewa a Zaitawa ba. Ni na zauna a gindin bishiya a waje da rediyona, wai ɗakin mata ne. Da kuka fito kina karanto mini takardar, me na ce? Na ce, "Hawan jini kuma? Ai wannan ciwon manyan alhazan Kantin Kwari ne, ina ruwan matar mai tsire da shi?" Ina ganinta tana shara, tana daka, tana jan ruwa a rijiya, sai na ce wannan ba marar lafiya ba ce. A wurina marar lafiya shi ne wanda ya kwanta.

Ƙwayar da aka ba ta tana sa ta yawan zagayawa, alwalarta ba ta daɗewa, ga kasala da rana. Wata rana na dawo daga kwata na tarar da ita kwance a tabarma da hantsi, abin da ban taɓa gani ba. Na ce, "Asabe, wannan ƙwayar ita ce ciwon. Da can da ba kya sha, ai garau kike." Sau ɗaya na faɗa, na wuce na manta. Ita ba ta manta ba. Bayan rasuwarta, ranar da za a fitar da kayan ɗakinta, na buɗe babbar langar nan mai shuɗin fure da ke saman jerenta, na tarar da ita cike da magani. Duk wanda kike kawo mata wata-wata yana nan a fakitinsa, ko ɓarewa ba a yi ba. Kina tsakar gida a lokacin kina kuka. Na kwashe na cusa a aljihun babbar rigata, na zagaya na zuba a masai, na fito na zauna a cikin maza ana yi mini gaisuwa.

Don haka in kun sauka, kafin ki jera kwanukanki, ki nemi asibiti. Kuma ki shiga da Nasiru har gaban likita, ya zauna a kujera ya ji da kunnensa, kada ki bar shi a gindin bishiya. In ƙwayar ta dame ki, ki koma ki faɗa a canza miki, akwai iri-iri, daga baya na ji haka. Kada ki bari maganar wani da bai san komai ba, ko da mijinki ne, ko da ubanki ne, ta sa ki ajiye ta. Ciwon nan ba ya kwantar da mutum kafin ya kayar da shi, yana tsaye yake aikinsa.

Yanzu na zo kuskurena na uku. Kazar Juma'a.

Ke kika zo da dabarar daga wurin wata nas. Kika ce tunda Umma ta saba da tsire, kada a raba ta da shi gaba ɗaya, a yi mata na kaza, ba fata, ba kitse, a jiƙa da lemun tsami da citta da tafarnuwa. Kika kwashe gishirin madafa kika bar ɗan kaɗan a murfin kwalba. Duk Juma'a sai ki taho daga Zaitawa da kwano a rufe da faifai, ki ce, "Baba, ga naka aikin, wuta taka ce." In na sauko daga masallaci in hura gawayi a ƙofar soro don kada hayaƙi ya shiga mata ɗaki, in gasa, in shigo da shi, mu zauna mu huɗu da Nasiru a inuwar tsakar gida mu ci da gurasa. Na ga yadda kike kallon bakinta in tana taunawa. Ni kuwa tun cin farko na san abin bai yi ba. Ya bushe, ya yi salam, sai tsami a baki. Ummanki tana turawa da ruwa tana cewa da daɗi.

Juma'a ta huɗu ina tsugune ina juya tsinke, sai ga Garba, abokin sana'ata, wanda tukubarsa take kallon tawa shekara talatin. Bai tambaya ba ya zari ɗaya ya gatsa. Ya tauna, ya tauna, ya dube ni.

"Isuhu, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Na cikin gida ne, na marar lafiya."

Ya ce, "To Allah ya ba ta lafiya. Amma wallahi ko lafiyayye ya ci wannan sai ya kwanta. Kai da ake tasowa daga Fagge neman tsirenka? Hannun ya mutu ke nan, tsoho?"

Ya yi dariyarsa ya wuce. Wasa yake yi, mun saba da irinsa, na faɗa masa abin da ya fi haka. Amma maganar ta zauna mini. Tun waccan siyasar ta jamhuriya ta biyu, kina 'yar shekara shida, sunana ya fita a birnin nan, ana aiko mota daga wajen gari a ce na Isuhu ake so. Sai ga shi a ƙofar gidana wani ya ci abin da ya fito daga wutata ya yamutsa fuska. Ban yi tunanin Ummanki ba, ban yi tunaninki ba. Sunana na yi tunani.

Kafin wata Juma'ar na sami gwangwanin madara, na narka kitsen tozo na zuba, na sa gishiri cike da tafin hannu, na murtsuke dunƙule biyu a ciki. Na ɓoye a alkukin soro, bayan tsohuwar fitilar nan da ba a kunnawa. Kika kawo kwanonki kika shige ciki. Na ɗora gwangwanin a gefen garwashi ya narke, na shafe kowane tsinke ciki da waje, na bari wuta ta shanye shi yadda ba za a ga maiƙo ba. Wannan kam na iya.

Da Ummanki ta gatsa, sai ta tsaya. Shekara ashirin da biyar tana cin hannuna, yaya za a yi ta kasa ganewa? Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Malam, yau wutar ta yi kyau." Ke kuwa kika tafa hannu kika ce, "Kin gani ko, Umma? Na ce miki za ki saba!" Kika ƙara mata tsinke biyu da hannunki. Na zauna a wurin ina murmushi, Allah ya isa tsakanina da wannan murmushin.

Da a Juma'a abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma wanda ya yi sau ɗaya bai ga komai ya faru ba, me zai tsayar da shi? Wata safiya na ga tana shan koko gaya, ta ba ni tausayi, na zaro ƙunshin mai tozo daga aljihu na ajiye a gabanta. Ta ce, "Uwani fa?" Na ce, "Uwani tana Zaitawa." Daga ranar kwanannen tsire ya dawo. Gishiri ma ya dawo miya, na sayo ƙulli na kai madafa, ranar Alhamis da yamma a mayar da shi soro kusa da gwangwanin kafin ki zo. Sau ɗaya ta ce mini, "Malam, anya ba mu cuci yarinyar nan ba? Tana ta wahala a kanmu." Na ce, "Ke dai ci, wa zai gaya mata?" Wani lokaci ta ce ƙeyarta tana sara, na sayo mata man zafi.

Kada ki ɗora mata laifi ko kaɗan. Mace ce da aka tarbiyyantar a kan cewa abin da miji ya miƙo ba a mayar masa. Ta fi jin tsoron ta kunyata ni a kan ta mutu. Na san haka, kuma da shi na yi amfani.

Sauran kin sani. Safiyar Talata tana dama koko, ludayin ya faɗi daga hannunta, ta sunkuya za ta ɗauka ta kasa, na kira sunanta ta juyo bakinta ya karkace. A asibiti likita ya tambaya ko tana shan magani, ko tana kiyaye abinci. Kafin in buɗe baki kika ce, "Wallahi likita ba ta taɓa fashi ba, ni ce shaida." Kika rantse da Allah a kan ƙaryata, ina tsaye a bayanki. Ummanki tana kwance, ido ɗaya a buɗe, ni take kallo. Kwana tara ta yi ba ta iya cewa komai ba, har Allah ya karɓi abarsa.

Shawarar da zan ba ki a nan gajeriya ce. Ki ji tsoron mai tausayinki fiye da mai tsananta miki. Za ki samu maƙwabciya a can da za ta ce haba, ɗan wannan ai ba zai yi komai ba. Za ki je biki a ce ba kya cin abincin mutane, girman kai ne. Ki bari su faɗa. Ni dariyar mutum ɗaya na kasa ɗauka, wanda ko tunawa da ita ba ya yi yanzu.

Kuskure na huɗu shi ne wanda nake ciki har ranar Litinin. A zaman makoki aka riƙa yabona. Gwaggonki Talatu tana gaya wa mata, "Yayana da hannunsa yake gasa mata kazar asibiti duk Juma'a." A tabarmar maza, Garba da kansa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi jinya, Isuhu, Allah ya ba ka lada." Na sunkuyar da kai na ce amin. Na ce a raina faɗar gaskiya ba za ta dawo da ita ba, sai dai ta raba ni da ke, kuma ke kaɗai gare ni. Da kika haihu kika sa wa jaririyar sunan Ummanki muka riƙa kiranta Ummi, na ɗauka an rufe maganar. Ashe shirun nan yana nan yana jiran ki. Na ɓoye gaskiya don kada in rasa ki, sai ga shi ɓoyewar ce take shirin kai ki inda ta kai uwarki.

Na san za ki ce ajali. Ni ma na yarda da ajali, ko minti ɗaya ba zan iya ƙara mata ba. Amma Allahn da ya rubuta kwananta shi ya ba ni kunne na ji abin da likita ya ce. Ranar da za a tsayar da ni, ba kwananta za a tambaye ni ba, gwangwanin nan za a tambaye ni. Ina istigfari safe da yamma, ban sani ba ko an karɓa.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ya fi ci mini rai. Bayan an yi sadakar arba'in, Juma'a ta zo, gidan ya yi tsit, ba kwano, ba faifai. Na rasa abin yi, na fita na sayo kaza na yanka, na ce bari in gwada yadda kike yi, ba gwangwani. Ta farko ta bushe. Ta biyu ta ɗan yi dama. Ta uku, Uwani, na gatsa na ajiye tsinken na yi kuka kamar yaro a ƙofar soro. Ta yi daɗi. Ta yi laushi, ta yi ƙanshi, ko Garba ya ci sai ya nemi ƙari. Juma'a uku kacal ta ɗauke ni. Ashe laifin ba na jiƙonki ba ne, na wutata ne. Wutar naman sa nake yi wa kaza, mai harshe, irin wadda kitse ne yake kare nama daga gare ta. Naman da ba shi da kitse kuwa ƙonewa yake yi ya bushe. Na fi kowa sanin wuta a unguwar nan, amma girman kai ya hana ni in zauna in koyi sabuwa saboda matata.

To ga yadda ake yi, ki riƙe, shi ne kaɗai gadon kirki da zan bar miki. Ki samu kaza matashiya, ba tsohuwar da ta gama ƙwai ba. Ki cire fatar duka, ki bi da wuƙa ki ɗebe ɗan rawayan kitsen da ke maƙale a cinya da gindi, kada ki ji tausayinsa. Kada ki tsaya a ƙirji kaɗai kamar da, ki haɗa da tsokar cinya, ita ce ba ta bushewa. Ki yanka daidai wa daida, kamar girman goro, domin in wani ya fi wani, ƙaramin zai ƙone kafin babban ya nuna.

Ki daka ɗanyar citta da tafarnuwa da albasa ɗaya su yi laushi, ki sa masoro da kanumfari kaɗan da barkono daidai bakinku. Lemun tsami ɗaya ya isa kaza guda, da can uku kike matsawa, shi ya sa tsamin. Sirrin yana wurin kindirmo. Ludayi ɗaya, marar sukari, shi yake shiga naman ya sa shi laushi ya tsare masa ruwansa a kan wuta. Man gyaɗa cokali ɗaya tak a cikin jiƙon, ba a kan wuta ba. Gishiri abin da yatsu biyu suka ɗauka, in likita ya ce a bari, ki bari, citta da tafarnuwa za su rufe. Dunƙule ko rabi kada ya shiga. Ki cakuɗa da hannu, ki rufe. In kuna da firji kuma akwai wuta, ki sa tun da safe har a sauko daga masallaci. In babu, ki zaunar da kwanon a cikin ruwan randa mai sanyi, kada ya wuce awa biyu, kaza ba ta da haƙurin zafi.

Ki jiƙa tsinkayen a ruwa kafin ki soka, don kada su kama. Ki soka nama, ki sa yankan albasa, ki soka nama, ki sa tattasai, kada ki matse su, ki bar wa zafi hanya. Sannan wuta. Ki hura gawayi ki tafi ki yi wani aikin. Sai harshen ya mutu, garwashin ya yi fari da toka, in kin miƙa tafin hannu a sama kina iya ƙirga biyar kafin ki janye, sannan ki ɗora waya. Ki riƙa juyawa a kai a kai, kada ki tafi hira. In kin tsaga mafi kauri kin ga fari har ciki, ruwan da ke fita ba ja, ya yi. Ruwan jiƙon da ya rage a kwano ki zubar, kada ki shafa a kan gasasshe. Ki sauke ki rufe da faifai ya huta kaɗan, ki barbaɗa yaji sama-sama. Ku ci da gurasa da kabeji da tumatir, ku ukun a faranti ɗaya. Kada a yi naki daban na Nasiru daban, wanda ake ware wa kwano shi yake fara sata. Ummi ma ta tashi da wannan a bakinta, kada harshenta ya san irin nawa.

A cikin buhun kayan girkinki, ƙarƙashin turmin ƙarfe, na sa Nasiru ya cusa damin tsinke da na fere da kaina, da kwalbar yaji. Ƙuli ne da citta da barkono da masoro, na daka da hannuna, ba gishiri a ciki ko ƙwaya ɗaya. Na san ba ki da dalilin yarda da ni a kan wannan. Ki lasa ki ji.

Gwangwanin yana nan a alkuki. Na kasa jefar da shi. Sau biyar a rana nake wuce shi in zan tafi masallaci, sau biyar in na dawo.

Ban san da wace fuska za ki gama karanta takardar nan ba. Ban rubuta don ki yafe mini ba, ban ga ta inda za ki fara ba. Na sa ki ciyar da uwarki abin da ya cuce ta da hannunki, na sa ki rantse a kan ƙarya, na bar ki shekara guda da rabi kina ganin wahalarki ta tashi a banza. In kin ji ba za ki iya sake kirana Baba ba, ba zan kai ƙararki wurin kowa ba. In sallah ta zo ba ki zo Dukawuya ba, zan ce wa Talatu hanya ce ta yi nisa. In Ummi ta yi wayo ta tambayi kakanta, ki faɗa mata abin da kika ga dama. Gidan nan ya riga ya zama kango, na saba da cin kazar Juma'a ni kaɗai.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki sha maganin, ki cire fatar, ki jira wutar ta kwanta. Ki yi fushi da ni shekara arba'in, Uwani, in dai za ki yi shekara arba'in ɗin.

Allah ya sauke ku lafiya, ya sa ku shiga garin da ƙafar dama. Allah ya sanyaya jininki, ya ja kwananki, ya nuna miki auren Ummi da idonki biyu kina tsaye da ƙafafunki. Allah ya jiƙan Asabe, ya haskaka kabarinta, ya saka mata haƙurin da ta yi da ni. Ni kuma ku bar ni da Ubangijina.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isuhu mai tsire.